Man Salak a Jirgin Ottmar

Ottmar Bäuerle maƙwabcina ne a bene ɗaya a garin Esslingen na ƙasar Jamus, tun muna da baƙin gashi. Gashin burodi ya yi duk rayuwarsa. Mu 'yan yankin Schwaben an san mu da maƙo, amma shi ko a cikinmu sarki ne. Mutumin da ke goge takardar naɗe kyauta da dutsen guga don ta sake amfani baɗi!

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, hannun dama ya ƙi. Dole suka sauko hawan ƙasa, ɗaki biyu kacal. Matarsa Hiltrud ta kafa doka: duk abin da ba ya aiki, a bakin titi zai jira motar kwashe tarkace. A cikin kayan da aka sauko da su akwai akwatin jiragen ƙasa na wasa, na ƙarfe, waɗanda babansa ke shimfiɗa wa layi kowace Kirsimeti. Tun yaransu na ƙanana ba a buɗe shi ba.

Ana gobe motar za ta zo muka haɗa layin a teburin kicin, aka ba shi wuta. Kan jirgin ya yi ƙugi, amma ko gezau.

"To, ka gani," in ji Hiltrud.

"Na gani." Hannunsa yake kallo. "Ki haɗa da ni, ni ma ba na aiki."

Allah ya sani, maganar nan ta sosa mini rai.

Hiltrud ta fizgo kan jirgin, ta kifa shi, ta shinshina. "Ottmar, wane mai ka zuba masa kafin ka ajiye?"

Ottmar ya kau da kai.

"Na salak ne, ko? Nawa na kicin!"

"Na shago tsada, tsohuwa."

"Ai ga shi nan, araha ba ta ado!"

Ashe man ne ya daskare kamar ƙaro, ya liƙe tayoyin. Ta tura ni na kawo injin busar da gashi don a narkar da shi, ita ta ɗauko tsohon buroshin haƙori da ɗan fetur. Ita hannu, shi baki. "A hankali! Ba wannan ƙusar ba! Za ki karya mini shi!"

"Rufe mini baki, uban 'yan maƙo."

Ta wanke, ta ɗiga man kekenta na ɗinki, ta mayar da shi kan layi. Jirgi ya yi tari, ya ɗan ja da baya, sai ya kama hanya, fitila a goshi, ya zagaye kwanon sukari. Kai! Sai a sannan na sauke numfashi, na nemi kujera.

Ottmar ya ɗaga mataccen hannun nan da na hagu, ya ajiye shi dab da layi, jirgin na gogarsa in ya zo wucewa.

"Shi ke nan, yana aiki, ya tsira," in ji Hiltrud.

"Ni fa?"

Ta goge ido da bayan hannu, duk baƙin mai. "Abin da ba ya aiki ai ba ya surutu haka. Matsa can, miya za ta huce."