Shaidar Goggo a Baƙin Allo

Ƙwas, ƙarar ludayi a bakin ƙwarya. Goggo ce ta ajiye shi ba ta gama shan furar ba, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta barin fura sai da dalili. Yayar mahaifinmu ce, ita ce babba a dangi gaba ɗaya. Ta taso daga Gwiwa ta zo gidana a Kazaure ranar da mata suka taru don a tsayar da maganar auren yarinyar da na riƙa.

Yarinyar 'yar yayata ce. Yayata a Roni ta yi aure, can ta rasu, aka ba ni yarinyar tana shekara huɗu, a gadona ta girma. Ta gama karatun koyarwa, sai wani saurayi ɗan Roni mai gyaran injin ban-ruwa ya fito. Tana son shi, yana son ta, iyaye maza sun amince. Mahaifiyarsa ma tana kan tabarma a ranar, tsohuwar maƙwabciyar yayata ce.

Goggo ta goge baki da gefen mayafi ta ce, "Wannan yaron ai ya sha nonon marigayiya. A gabana aka yi."

In haka ne, ɗan'uwan yarinyar ne na shayarwa, babu aure a tsakaninsu har abada. Mahaifiyar yaron ta ce a hankali, lallai ta taɓa yin ciwo bayan haihuwa aka kai wa yayata jariri, amma na farin ne, ba wannan ba.

"Ke da kike kwance ba ki san inda kanki yake ba, ni za ki gaya wa?" in ji Goggo.

Matar ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, Goggo."

Akwai tsofaffi biyu da suka san zamanin: Inna, ƙanwar mahaifiyarmu da ke Babura, da ungozomar da ta karɓi haihuwar yaran a Roni. Aka buga musu waya. Kowacce tana jin Goggo ce ta faɗa sai ta ce, to, yadda ta faɗa haka ne. Ban ga laifinsu ba. Haka aka rene mu, ba a tsallake maganar babba.

Yarinyar ba ta yi kuka a gabana ba. Tukwanen da na riga na wanke take sake wankewa. Ni kuwa a kowace sujada roƙona ɗaya ne: in haramun ne Allah Ya cire mata shi daga zuciya, in halal ne Ya bayyana mana.

Maigidan ya je wajen limamin unguwarmu. Malam ya ce in wan ne ya sha, hukuncin a kansa ya tsaya, bai shafi ƙanen ba. Ya ba da shawara a tambayi kowace tsohuwa ita kaɗai, kada ta ji ta 'yar'uwarta, kuma kada a fara da cewa wane ne ya sha. A tambaye ta wane lokaci ne, a wane gida, su wa ke wurin, ita me take ciki a shekarar. Matsalar ita ce waya. Kafin mutum ya tashi daga Babura ya isa Roni, abin da Inna ta faɗa ya riga shi zuwa har da ƙari. Dole a tambaye su a sa'a ɗaya.

Nan ɗana na fari ya shigo maganar. Aikin kwamfuta yake yi a Dutse, kuma ya daɗe yana tattara asalin danginmu a wata tsohuwar kwamfutarsa, wa ya haifi wa, wa ke bin wa. Ya zo da ita ranar Asabar ya ajiye a ɗakina, saboda muna da sola kuma ba na fita.

"Umma, ke za ki tsare ta. Ni in na zauna ana maganar nono, tsofaffin nan ba za su buɗe baki ba. Kuma Litinin ina ofis."

Na ce, "Kai, ni da rabona da karatu tun ina aji shida na sakandare?"

"Ai kin fi ni tsare abu," ya ce.

Ya nuna min yadda ake rubuta bayanin. Sunan tsarin XML. Kowane abu da alamar buɗewarsa da ta rufewarsa, wani a cikin wani, kamar yadda nake jera kwanukan samira, ƙarami a cikin babba, kowanne da murfinsa. In ka buɗe shaida, a cikinta akwai mai shaida, akwai gari, akwai lokaci, akwai abin da ta gani. In aka manta ba a rufe ɗaya ba, rumbun da ake zuba bayanan ba ya karɓa, sai ya dawo maka da shi. Wannan ya burge ni. Na ce ashe akwai abin da ya fi ni tsanar kwano a buɗe.

Kwamfutar ɗakina ita ce saba, wato mai riƙe da rumbun, mai jiran masu zuwa. Sauran kwamfutoci uku za su shigo mata ta wata hanyar intanet da ya haɗa mana mu kaɗai. A Babura matar ƙanena ce, malamar firamare, za ta zauna da Inna. A Roni wata 'yar ɗan'uwanmu mai aikin asibiti za ta zauna da ungozoma. A Gwiwa kuma autar Goggo ce da kanta, mace mai 'ya'ya biyar, sakatariya a wata makaranta. Kowacce ya ba ta sunan shiga da kalmar sirri, ya kuma sa ta iya zubawa amma ba ta iya karanta na wasu. Ni kaɗai ke iya gani duka.

Babu hoto, babu abin dannawa. Baƙin allo ne da ɗan farin layi yana ƙiftawa, sai ka rubuta umarni da Turanci ka danna babban maɓalli. Ya rubuta min umarnin a bayan takardar kalanda, layi bakwai, da manyan baƙaƙe. Na farko shi ne tayar da saba. Na gwada sau uku a gabansa da yatsa ɗaya, yana cin tuwo yana gyara min.

Aka sa rana, Talata bayan la'asar. Na idar da salla, na yi bismilla, na rubuta layi na farko. Allon ya ba ni amsa layi ɗaya, cewa saba ta tashi, tare da lambar ƙofar da za a shigo mata. Daga nan bai sake cewa komai ba. Na zauna ina kallonsa, yana kallona. Na ga ya gama aiki, sai na rufe baƙar tagar da ke kan allon, na kifa murfin kwamfutar, na ɗauko ƙyallen da nake rufe kular maigida na lulluɓe ta don ƙuda. Na tafi ɗora sanwa.

Ban gama yanka albasa ba waya ta fara. Matar ƙanena ce: "Yaya, an ƙi buɗe mana. Ga Inna na zaunar da ita, har ta fara cewa za ta je ɗaure awaki." Ina ajiyewa ta Roni ta kira, sai ta Gwiwa, murya ƙasa-ƙasa, tana cewa Goggo ta tambaya sau biyu ko an raina ta ne. In tsofaffin nan suka tashi, kafin magariba sun yi waya da juna.

Na kira ɗana. Ya ce, "Umma, me allon yake cewa?"

"Na rufe shi. Ya gama aikinsa."

Na ji yana ƙoƙarin haɗiye dariya a ofis. "Umma, shirun nan shi ne aikin. Jira take yi. Kin gayyaci mutane kin kulle ƙofar gida kin shiga kicin."

Na yaye ƙyallen, na ɗaga murfi, na sake rubuta layi na farko da hannu mai warin albasa. Ya ce in bar wannan tagar yadda take, in buɗe ta biyu a gefenta, a nan zan shiga. Sai ga shi tana tambayata suna da kalmar sirri. Na ce masa, a ɗakina, a kan teburina, ni ma sai na yi sallama? Ya ce kowa sai ya yi, har shi.

Na shiga, na buɗe rumbun da layi na uku, na zauna. Yarinyar ta karɓi girkin ba tare da na ce mata ba. Ina jin motsin muciyarta ta taga. Duk bayan 'yan mintoci nakan rubuta umarnin lissafo abin da ke ciki. Babu komai. Babu komai. Can sai ga ta Roni ta shigo. Ta Babura ta dawo wa matar ƙanena sau ɗaya don ta manta rufe wata alama, ta gyara ta sake turowa. Ta Gwiwa ce ƙarshe, kuma ta fi duka tsawo.

Layi na shida shi ne mai jero shaidun uku a jere. Na karanta da yatsa a kan allon.

Ungozoma ta ce na farin ne, don haihuwar fari ce ta ba matar wuya, kuma a lokacin ita kanta sabuwar fara aikin ce, tana bin uwarta. Inna ta ce ba ta riƙe wane yaro ba ne, ba za ta yi wa Allah ƙarya ba, amma yayata a goyonta na fari take, ita ta je mata wankan jego. Sai Goggo. Ta nace wannan yaron ne. Amma da aka tambaye ta me take ciki a shekarar, sai ta buɗe baki: da kaka ne, ana cire gyaɗa, ta zo Roni a ƙafa daga bakin titi da autarta a baya, jaririyar tana zazzaɓin haƙori, har yayata ta dafa mata magani.

Autar da ta goya ita ce ta buga wannan rubutun da hannunta. Na nemo ta a cikin asalin da ɗana ya tara, na buga waya na tambayi shekarun yaran Roni biyu. Sa'ar wan ce. Ta girmi mai neman auren da shekara bakwai.

Na yi sujada a nan gaban teburin. Da na ɗago na kira yarinyar, ta shigo da muciya a hannu, na nuna mata. Ta karanta sau biyu, ta ajiye muciyar a kan gadona da tuwo a jiki, ta kwantar da kai a cinyata kamar tana 'yar shekara huɗu. Ban yi maganar zanin gadon ba.

Malam ya ji shaidun ya ce babu abin da ya hana. Saura Goggo. Ba a aika wa irinta saƙo ta waya cewa ta yi kuskure. Na soya mata kaza, na sayi goro fari, na ɗauki autata mai shekara bakwai muka hau mota zuwa Gwiwa. Bayan gaisuwa na ce na zo ne in karanta mata maganarta, don ta fi ta kowa cika. Na karanta, gyaɗar da zazzaɓin da maganin. Autarta tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon rufin ɗaki.

Goggo ta dubi 'yarta tun daga ƙafa har kai. "Ke ce a bayana?"

"Ni ce, Goggo."

"To ai wan ne ke nan." Ta ɓare goro ta jefa a baki. "Abin da nake ta faɗa tun farko. Ku yaran yanzu ba ku sauraron mutum har ƙarshe. Da ban riƙe zancen gyaɗar nan ba, da wa zai warware muku?"

Na ce, "Babu, Goggo. Allah Ya ƙara nisan kwana."

Ta ce ita za ta yi wa amarya turaren wuta, kada wata ta sa hannu.

A hanyar dawowa motar ta cika, autata tana kan cinyata, duwatsun Kazaure sun fara bayyana. Tun Gwiwa na ɗauka barci take ji. Sai ta juyo ta kama haɓata.

"Umma, in mun je gida ki tayar da sabar nan ki rubuta nononki ni kaɗai na sha. Tun yanzu, kafin ki tsufa."