Fatar Bajimin Ƙofar Dundaye

Ni barunje ne ɗan barunje, wato mahauci kamar yadda Kanawa ke cewa. A Ƙofar Dundaye aka haife ni, cikin birnin Sakkwato, kuma tun ban iya ɗaga ƙafar sa ba Baba ya ɗora mini wuƙa a hannu. Ni bahago ne. Da hagu nake fiɗa, kuma ba yabon kai ba, a wancan lokacin in na feɗe sa, sai ka ɗaga fatar a rana ka nemi huda ko guda ka rasa. Ina da matata da ɗiya biyu, ina da rufin asiri daidai gwargwado. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, samari, labarin nake so ku riƙe.

Bayan nama, abin da na sani a duniya shi ne ƙwallo. Ƙungiyata wata ce mai jar riga a can Turai, kuma ni na fara son ta a layinmu, tun zamanin da sai mun taka bakin kasuwa mu leƙa talabijin ta taga. Akwai ɗan ƙanen babana, Mansur, na girme shi da shekara bakwai. A wuya nake ɗaukar shi zuwa kallo. Ni na koya masa mene ne satar gida, ni na saya masa jar rigarsa ta farko a gwanjo. Da ya girma ya ƙi fawa, wai ƙarnin jini na tayar masa da zuciya. Muka yi ta yi masa dariya a mayanka, muna cewa an haifi ɗan kura mai tsoron ƙashi. Shi kuwa ya lallaɓa ya kafa rumfar kwano a bayan gidansu, ya jera benci, ya sa janareta da talabijin biyu, ya buɗe gidan kallo.

A shekarar da abin ya faru, ƙungiyarmu ta shiga gasar zakarun Turai da ƙafar hagu. Kowa ya cire rai za ta tsallake matakin rukuni. Sai ga ta ta tsallake da ƙyar, ta ci zagaye na gaba, unguwa ta ɗauki zafi. Rumfar Mansur ta cika ta batse, har daga Kalambaina masu aikin siminti ke zuwa da ƙura a gashinsu. Ran nan aka ce a kafa ƙungiyar magoya baya, a zaɓi shugaba. Na zauna a bencin gaba na gyara hula, ina jiran a ambaci sunana. Wallahi ko mutum guda bai waiwayo ni ba. Baki ɗaya aka ce Mansur, tun daga ranar kuma sunansa ya koma Ciyaman.

Na taya shi murna da baki, amma abincin ranar bai wuce mini maƙogwaro ba. Yaron da na goya! Yaron da ba ya iya kallon yankan kaza! Duk inda na bi sai in ji Ciyaman ya ce kaza, Ciyaman ya yi hasashen kaza. A mayanka ma, ina tsugune cikin jini, sai wani ya dafa ni ya ce, "Kai ne wan Ciyaman ko?" Da can shi ake kira ƙanena.

Da baki na fara. In an taru sai in ce janaretansa na cutar kunne, bencinsa akwai kuɗin cizo. Ba wanda ya kula ni. Ranar wasan kusa da na kusa da na ƙarshe, na zagaya da rana na datse wayar tauraron ɗan adam ɗinsa da wuƙata. Kafin a take wasa ya gano, ya haɗa ta da hannunsa, mutane suka yi ta tafi suna cewa Ciyaman injiniya ne. A karon farko an ci mu a gida, ranar nan kuwa muka je can muka rama har da ƙari. Rumfa ta kusa tashi don ihu, aka ɗaga Mansur sama sai ka ce shi ya zura ƙwallon.

Daga nan hannuna ya saba. Akwai allon da 'yan kallo ke saƙala wayoyinsu suna caji. Na zare guda, na ji ba abin da ya faru, bayan mako na zare ta biyu. Ba yunwa ta sa ni ba, so nake a ce gidan kallon Mansur ɓarayi sun yi yawa. Shi kuwa bawan Allah sai ya bi masu wayoyin yana ba su haƙuri. Bai taɓa kallona da zargi ba. Kullum yana ajiye mini wuri a bencin gaba, in na miƙa kuɗin shiga ya ture hannuna ya ce, "Haba Yaya, kai da gidanka?" Wannan kirkin nasa ya fi komai ƙona mini rai.

Ku ji inda hassada ta kai ni. A wasan kusa da na ƙarshe an tashi kunnen doki, aka je bugun fenariti. Jama'a duk sun ɗaga hannu suna roƙon Allah. Ni ma na ɗaga, amma roƙona daban ne. Ƙungiyar da na so tun ina yawo ba takalmi, ita nake roƙon a fitar, don kawai a daina kiran Ciyaman. Allah bai karɓa ba. Muka kai wasan ƙarshe.

Kun san al'adar 'yan ƙwallo a garuruwanmu. In ƙungiya ta kai wasan ƙarshe, magoya baya kan yi karo-karo su sayi sa, a shafe shi da fentin launin ƙungiya, a zagaya gari da shi, in an ɗauki kofi a yanka a raba. Haka aka yi. A makon nan sau biyu Mansur ya zo gida nemana, ina ciki na ce wa matata ta ce na fita. Sai ganin bajimi na yi, fari tas mai ƙaton tozo, an shafe shi da jan fenti har ƙaho, an rubuta lambar ɗan wasan gabanmu a haƙarƙarinsa biyu. Babura na biye suna ham, ana ta "Sai Ciyaman!" Na tsaya bakin teburina da wuƙa a hannu, raina ya yi baƙi ƙirin. An sayi sa a unguwar nan, ni barunje ina raye, ba a ko tambaye ni ba. Haka na gaya wa kaina, na manta da cewa ni na ɓuya.

Wasan ƙarshe ranar Asabar ne. An ɗaure bajimin a wani kango bayan rumfar, makulli na hannun Mansur, amma na san ƙofar baya da kara kawai aka tokare ta. Na san wani mahauci a wani ƙauye bayan Wamakko wanda ba ya tambayar asalin dabba, yana da a-kori-kura, na shirya da shi ya zo da ita. Na zaɓi lokacin da na san layi zai zama wayam: ranar Juma'a, liman na kan mumbari. Musulmi na sahu, ni ina jan igiya. Na mayar da ƙofar yadda take, muka tura sa cikin mota, muka lulluɓe shi da tamfol, kafin a sallame mun fita gari.

A bayan gidan mutumin na yanka, ni kuma na feɗe. Da muka gama ya nuna fatar ya ce, "Wagga sai rami. A binne ta, ko a sa mata wuta." Na kalli fatar nan shimfiɗe, ba huda, ba tsaga. Tun ina yaro Baba ke dukan hannuna in na ɓata fata, yana cewa barunjen da ya wulaƙanta fata bai san darajar dabba ba. Wallahi zuciyar da ta iya satar sa ranar Juma'a, ita ce ta kasa binne fata. Na sa fetur da tsumma na goge fentin har na ga fari, na barbaɗa gishiri, na ce ya bari a kwana biyu ya kai wa majema a matsayin tasa. Ya ce ni mahaukaci ne, amma ya karɓa.

Da la'asar sakaliya na dawo na tarar da layinmu ba masaka tsinke. An gano sa ya ɓace, ga makulli lafiya lau a aljihun Mansur. Wani ya ce ai da ma wayoyi ma a nan suke ɓata. Shi ke nan, bakin da ya yi "Sai Ciyaman" jiya, shi ya koma "Ɓarawo!" Aka farfasa talabijin, aka yaye kwanon rumfar. Wani ya ɓallo katakon benci ya sauke masa a kunnen hagu. Yana durƙushe, jini na bin wuyansa, ya hango ni cikin taro ya ce, "Yaya, gaya musu! Kai ka san ni!" Na sunkuyar da kai. Ba zan yi muku ƙarya ba, a daidai lokacin wani sanyi na ji a ƙirjina. 'Yan sanda suka zo suka tafi da shi.

Washegari ƙungiyarmu ta ɗauki kofi. Mansur bai gani ba, yana tsare. Unguwa ta yi murna ba nama, ni kuma na kalli wasan a wata rumfa ta bakin kasuwa, aka ɗaga kofi ban ji komai ba.

Kwana shida bayan haka Baba ya aika a kira ni bayan azahar. Na shiga zaure na tarar da shi da amininsa Malam Umaru majemi, ga fata shimfiɗe a tsakaninsu. Warin fetur ya fara dukan hancina. A lungun tozo da saiwar gashi, inda tsumma bai kai ba, jan fenti na nan, har inuwar lambar ana gani.

Baba ya ce, "Duba min fatag ga. Hannun wa ne?"

Na ce ban sani ba. Malam Umaru ya juya ta ciki ya bi sawun wuƙa da yatsa. Ya ce, "Ɗana, wani baƙauye ya kawo min ita, amma ba shi ya feɗe ba. Wuƙar bahago daban take kwanciya. Bahago biyu na sani a garin ga da ba su huda fata, guda ya rasu bara."

Baba ya naɗe fatar. Sannan ya ce, "Ni na koya maka hannun ga. Ashe ɓarawo nika horo. Ɗan ƙanena na kwance a kulle da kunne a fashe, kai kana cin tuwo. Sa takalminka." Shi da kansa ya kai ni wajen 'yan sanda, yana gaba da fatar a kafaɗa ina biye, muka ratsa layinmu kowa na kallo.

Gaban alƙali ban yi gardama ba, har wayoyin na faɗa. Aka saki Mansur, ni kuma aka ɗaure ni shekara biyu. Gidan yari ba sai na ba ku labari mai tsawo ba: zafin Sakkwato a ɗaki guda da mutum fiye da ƙima, gabza a kwano, ga kwarkwata. Matata ta koma gidansu da ɗiyan. Amma duk wannan bai karya ni ba kamar ziyarar da aka kawo mini a wata na huɗu.

Mansur ne. Ya rame. Na gaishe shi ta bayan ragar ƙarfe bai ji ba, sai da ya karkato da kunnen dama ya ce, "Sake faɗi, Yaya, wancan ya mutu." Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Na yafe tun ran da Baba ya zo da fatar. Abu guda nika son ka sani. Zuwan da na yi gidanka sau biyu, so nike mu tai kara, kasuwar shanu, tare ka zaɓa muna bajimin. Kuma taro ya amince kai za ka yanka gaban jama'a, kai za ka feɗe. Kai da ƙafa da fata duk naka ne. Na ce musu ba don kai ba, da ban san ƙwallo ba. Har sabuwar wuƙa munka saya maka." Ashe fatar da ta ɗaure ni, da ma tawa ce. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yaro, gandiroba na kallona.

Yanzu na fito. Na tuba, ina roƙon Allah Ya karɓa. Matata ta dawo bayan an sha fama. Na koma mayanka, sai dai har yau ba mai bar mini dabbarsa ya juya baya, kuma ban ga laifin kowa ba. Mansur bai sake buɗe gidan kallo ba, hatsi yake aunawa a kasuwa. Wuƙar nan ya kawo mini ita ranar da na fito, tana cikin kubenta, ban taɓa iya yanka da ita ba. Ƙwallo kuwa na bar kallo.

Samari, ku da kuke cika gidajen kallo, ban ce ku bar ƙwallonku ba. Amma ranar da aka yabi ɗan'uwanka ka ji abinci ya tsaya maka a wuya, to ka ji tsoron kanka tun a ranar, kada ka jira sai hannunka ya kai ga waya ko igiya. Ka yi a'uziyya, ka tashi ka je ka same shi. In ya zo ƙofarka yana sallama, ka fito ka ji abin da ya kawo shi. Ni na ƙi fitowa sau biyu. Alƙali ya ba ni shekara biyu na gama su, amma kowace safiya ina bi ta rumfar Mansur in ce masa ina kwana, kuma kowace safiya sai ya ajiye mudu, ya karkato da kunnen dama, ya ce, "Mi ka ce, Yaya?"