Ƙaiƙayin da Na Ɓoye a Aljihu

Karatuna bai wuce firamare ba, amma ciyawa na san ta, domin a bayan shanun babana na girma. Shi ya sa da na samu aiki a wani ɗakin adana busassun tsirrai a Washington, a shekarun tamanin, kaina ya kumbura. Aikina liƙa ganye a takarda. Kullum da safe daga garin Woodbridge nake biyo motar haɗaka, ina cika wa abokan tafiya baki cewa ni da masana muke aiki.

Shugabata wata dattijuwa ce Baturiya, Dakta nake ce mata. Wata Litinin ta shigo da kwali daga hamadar Ostareliya.

"Zo ka gani! Sifinifes ce. Ina zaton irin da ba a cika samu ba ce."

Ban taɓa ganin ciyawa haka ba. Ganyenta a nannaɗe, da tsini kamar basilla, gindinta da danƙo mai ƙamshin ƙaro. Dakta ta ce a zobe take tsirowa, tsakiya ta mutu, gefe ya ci gaba da faɗaɗa. Zangarniya ɗaya tak ta zo a kwalin.

Aka kira ta a waya, ta fita. Ni kuwa na yi abin da kowane ɗan ƙauye ke yi wa zangarniya: na murje ta a tafin hannu, na hura, don in nuna mata tsabar idan ta dawo. Tsaba ba ta ma nuna ba. Sai ƙaiƙayi a kan tebur. Nan da nan na share shi cikin aljihun rigar aiki, na hagu da na dama.

Da ta dawo ta ga kara tsirara, ta zauna. Ashe ganyen dangin ciyawar nan duk kusan ɗaya ne, a ɓawon da ke rufe fure ake rarrabe su. Ta ce wanda ya aiko ne bai iya ɗauri ba, za ta rubuta masa wasiƙa mai zafi. Kwana biyu ina kallon ta tana ɗora wa bawan Allah laifina, Allah Ya yafe mini.

Ran Laraba na ga wasiƙar a ambulan, na kasa daurewa.

"Dakta, kada ki aika. Ni ne. Murzawa na yi."

"Murzawa? Ina abin da ya zubo?"

Na nuna aljihu.

"Kada ka motsa! Kada ma ka yi tari!"

Ta cire mini rigar da kanta, ta zazzage aljihun a farar takarda. Ga zare, ga ɓawon gyaɗa, ga ƙaiƙayi. Da hantsaki ta riƙa tsince su ɗaya-ɗaya tana sawa ƙarƙashin madubin ƙara girma. Yawancinsu sun farfashe. Can ta buga tebur.

"Ga shi! Lafiyayye! Duba!"

Na leƙa. Abin da na raina ya zama kamar garkuwa, da tsini uku a kai, na tsakiya ya fi tsawo, ga gashi fari a jere a gindi. Na ce, "Allahu Akbar!" da ƙarfi har na maƙwabcin ofis ya leƙo.

"Ita ce," in ji Dakta, tana dariya tana yayyaga wasiƙar. Sannan ta daure fuska. "Kwana biyun da ka yi shiru sun fi murzawar ɓata mini rai."

Ta miƙo mini hantsakin.

"Zauna. Saura ɗaya aljihun."