Makanikin da Ya Kori Kasuwarsa

Ƙusoshi ne suka fara ba ni mamaki. A bangon shagon Kawu Sallau da ke bakin kasuwar Kibiya akwai ƙusoshi a jere, inda yake rataye kayan gyaran injin ban-ruwa: igiyar tayarwa, fulogi a leda, robobin hana yoyo. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin ƙusa ɗaya babu kaya ba. Da na dawo daga Kano bayan gama jami'a, sai na tarar fiye da rabinsu babu komai. Mutane na shiga suna fita, ba mai ɗaga kai. Ni ma ban tambaya ba.

Kawu Sallau yayan mahaifiyata ne. A Kahu aka haife shi, gidan manoma, amma hannunsa bai karɓi fartanya ba. Yana saurayi ya tafi Rano ya koyi gyaran inji, ya dawo ya buɗe shagonsa a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Da kunne yake aiki. Zai ce a tayar da inji, ya karkatar da kai, kafin a kashe ya faɗi ciwon. Da wannan sana'a ya aurar da 'ya'ya mata huɗu, ya kuma yi wa ɗansa namiji tilo, Yaya Shamsuddeen, karatu har aka ɗauki nauyinsa zuwa Jamus yin digiri na uku.

Shekara huɗu ke nan Yaya bai zo gida ba. Kowace Sallah sai ya ce mai zuwa.

Karatunsa ba mai sauƙin bayani ba ne. Yana gina lissafi a kwamfuta da zai hasko yadda mutane ke barin tsohuwar na'ura su kama sabuwa: idan fetur ya yi tsada kaza, faifan sola ya sauko kaza, shekara nawa za a ɗauka kafin manoma su koma hasken rana, kuma hayaƙi nawa za a rage wa duniya. Gwamnatoci ke amfani da irin wannan wajen tsara manufa. Ya taɓa ƙoƙarin yi wa Kawu bayani a waya, ina zaune.

"Baba, a taƙaice dai, aikina shi ne sanin lokacin da mutane za su bar injin fetur su koma sola."

"To idan sun koma fa?"

"Ai shi ke nan, Baba, buƙata ta biya."

Kawu ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya taimaka.

A ranin da ya biyo bayan cire tallafin mai, Yaya ya turo mini takardar tambayoyi, ya roƙe ni in zaga wajen masu noman rani a Kahu da Lausu da Yalwa. Tambaya ɗaya a ciki ita ce: wa ya fara ba ka shawarar sayen sola? Na zaci za a ce rediyo, ko dillalan Kano. Na farko ya ce Malam Sallau makanike. Na biyu ma haka. Har wani dattijo a Lausu ya ce shi Malam Sallau ne ya raka shi Kano da ƙafarsa ya zaɓar masa.

Wata ranar kasuwa na kai wa Kawu abinci, na tarar da wani manomin albasa, Ramalan, ya sauke inji daga babur.

"Malam, ka ji shi. Tari yake kamar tsohon da ya sha taba."

Kawu ya saurara. "Zoben fistin ne. Zan gyara. Amma Ramalan, har yaushe za ka yi ta shayar da wannan abin fetur? Ga rana Allah ya ba ka kyauta tana ƙona maka ƙeya."

"Ikon Allah! Malam, ka taɓa ganin mahauci yana wa'azin a daina cin nama?"

"Ni dai na faɗa maka gaskiya."

"To idan duk muka koma, kai me za ka ci? Hasken ranar?"

"Wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abinci."

Ramalan ya tafi yana dariya. Na ajiye kwanon, na daɗe ina juya maganar kafin ta fito.

"Kawu, kusan duk wanda na tambaya sunanka yake kira."

Bai ɗago ba. "Sun kai nawa?"

"Da yawa."

"Saura nawa?"

Ban gane ba, sai da ya ajiye sifana ya dube ni.

"Ihsan, ni ban yi boko ba, amma na san aiki. Idan aka kira ni gona, ba na tafiya gida sai inji ya tashi, ruwa ya fito. Shamsuddeen ma ai haka ne. Malamansa ba za su sallame shi ba sai sun ga mutane sun koma. To na zauna ina gyara abin da ke riƙe mini ɗa a can?"

Ashe shi ya sa ya daina saro kaya. Shekara biyu yana rage wa kansa abinci da hannunsa, yana jiran ranar da injin ƙarshe zai yi shiru a Kibiya, a ce wa Shamsuddeen ya tattara ya tafi gida.

Na so in yi shiru. Amma shagon nan ne abincin gidansa.

"Kawu, ba haka ake yi ba. Hasashe yake yi, ya rubuta, a duba. Ko mutum ɗaya bai koma ba, za su iya ba shi digirinsa."

"Idan kuma duk sun koma?"

"Ba zai sa ya dawo da wuri ba."

Ya ɗaga kai ya dubi ƙusoshin bango. Can ya ce, "Kira mini shi."

Yaya ya ɗauka da murna. Ya ce amsoshin da na turo sun ba malaminsa mamaki, yankinmu ya riga lissafinsu da shekaru, sun rasa dalili. Na faɗa masa dalilin, a gaban Kawu.

"Baba," in ji Yaya. Kawu ya karɓi wayar daga hannuna.

"Ba laifinka ba ne, ni ne ban tambaya da kyau ba. Yanzu faɗa mini yadda zan gane. Yaushe?"

"Saura shekara ɗaya da rabi in ƙare, in sha Allahu. Bayan nan kuma sun yi mini maganar aiki. Ban amsa ba tukuna."

"Babu abin da zan yi daga nan ya rage ta?"

"Sai addu'a, Baba."

"Wannan ai tuni." Ya ɗan murmusa. "Kana cin abinci dai?"

"Ina ci."

"To Allah ya yi albarka."

Ya miƙo mini wayar. Bai ce a fasa aikin ba, bai ce a karɓa ba. Na tsaya a bakin ƙofa ban san ko in tafi ba. Ya buɗe kwanon ya duba, ya mayar da murfin, ya ce in gaida mahaifiyata.

Sannan ya jawo injin Ramalan tsakanin ƙafafunsa, ya zuba ɗan fetur a gwangwani, ya fara wanke fistin ɗin da tsohon buroshi.