Kaɗaicin da na je nema a Kausani

Duk faɗin Wudil, daga bakin gada har Sabon Gari, babu mai ba da labari kamata. Ba yabon kai nake ba, shaidu suna nan da ransu. Na taɓa ba da labarin wani kifi da na kama a kogi, mai shayi ya saki baki har ruwansa ya ƙone a tukunya. Kifin nan ranar da na kama shi tsawon hannuna ne. Kafin babbar salla ya kai ɗan maraƙi. Yanzu kuwa sai an nemo amalanke.

Wata rana da la'asar muna majalisa a gindin darbejiya, akwai wani malamin jami'a da ke zama da mu, mai tabarau, mai magana ƙasa-ƙasa. Ya bari kowa ya gama dariya, sannan ya ce, "Alhaji, labaranka da daɗi. Amma shekara uku ina sauraro, ban taɓa ganin ka a ciki ba."

"Ni? To wa ya kama kifin?"

"Wani ne mai kama da kai. Mai labari sai ya keɓe, ya yi shiru, ya saurari kansa, sannan ya san abin da ke gare shi."

Na fi kowa dariya, amma maganar ta biyo ni har gida, ta zauna kusa da kwanon tuwona. Shekara hamsin da 'yan kai ina zuba, a ce babu labari ko ɗaya da yake nawa? Washegari na shelanta wa majalisa cewa zan tafi gonar marigayi mahaifina a Kausani, kwana bakwai cur, ba waya, ba rediyo, ba ɗan Adam. Uwar yarana ta ɗaure min dambu da ƙuli-ƙuli, na ɗaga ƙullin na ji shi shafal.

"Wannan ai na kwana biyu ne."

"Zai isa, maigida," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Na isa da hantsi, gero ya nuna, tsohuwar bukkar tana nan. Na shimfiɗa tabarma, na buɗe sabon littafin rubutu, na ɗaure fuska irin ta masu zurfin tunani. Ban gama rubuta bisimilla ba wani manomi ya tsaya. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi ruwa, sannan ya leƙa bayana.

"Kai kaɗai, Alhaji? Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Tunani nake."

Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya wuce da sauri.

Na manta da mutanena. A wurinmu, magidanci ba ya baro gari ya zauna shi kaɗai a bukka sai da dalili, ko ciwo ko wata masifa. Kafin rana ta take, ga gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana dogara sanda, da kunun kanwa da saiwoyi a leda.

"Ɗan nan, me ya same ka da ba za ka faɗa ba?"

"Gwaggo, kaina na zo nema."

"Innalillahi! Har ya kai ga kan?"

Tana cikin shafa min goshi sai ga ɗanta, abokin wasana, yana washe baki tun daga nesa. "Ta koro ka ko, gwauro? Na san za a rina. Wace mace za ta iya da wannan bakin?"

Zuwa azahar an ƙaro tabarmi. Masu dubiya sun cika inuwar bukka, kowa ya yi tagumi yana kallona da tausayi. Ni kuwa ba na iya ganin jama'a a zaune haka kawai. Na ba su labarin kifi. Ranar sai da ya kai raƙumi.

Washegari ina idar da sallar asuba na sulale zuwa ƙarshen gona, na hau rumfar da ake korar tsuntsaye. A nan na sami shirun da na zo nema, kuma wallahi ban ji daɗinsa ba. Na gwada ba wa kaina labari, na kai wurin da aka saba fashewa da dariya, babu wanda ya fashe. Na ji ƙaryata tsirara, har na ji kunyar gero.

Can sai garken tsuntsaye ya sauka. Hannuna ya kai kan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye, na fizga, suka yi ƙara. Ƙarar nan ce ta dawo min da mahaifina. A kan irin wannan rumfar nake wuni da shi ina ƙarami. Mutum ne da zai yi yini guda bai furta abin da ya wuce "jawo igiya" ba. Shirunsa yana ba ni tsoro, ina zaton fushi yake da ni. Wata rana ya dawo daga salla, na rasa abin da zan ce masa, na ce, "Baba, wani tsuntsu ya zo, ya kai rago, da ƙyar na kore shi." Ya dube ni, ya dube ni, sai ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗa cikin gero. Ban taɓa ganin haƙoransa haka ba, kuma ban sake gani ba har ya bar duniya. Na zauna riƙe da igiya, na gane tun ranar nan dariyar nan nake bi, labaran kifi da na ɓarayi da na aljanu duk ita nake nema da su.

Ban jira komai ba. La'asar ta yi min a majalisa. Na ba da labarin yadda yake, ban ƙara wa tsuntsun ko gashi ɗaya ba. Babu wanda ya yi dariya. Malamin ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Yau na gan ka, Alhaji."

Na shiga gida babbar riga tana neman yi min kaɗan. Na ce wa uwar yarana, "Abin da masana ke yi a kwana bakwai, ni a biyu na gama. Na gano ko ni wane ne: mutum ne da ba ya jure shiru."

Ta karɓi ƙullin dambun, ta kakkaɓe shi, ta ce, "Sai da ka je Kausani? Ai da ka tambaye ni, maigida, da ba ka sha rana ba."