Kada Ku Canja wa Rakiya Mai

Bana shekara tara ke nan da rasuwar abokina Alhaji Garba, wanda duk Zangon Kwatano ta sani da Garba Direba. Wanda bai san shi ba, ya san motarsa. Tsohuwar farar bas ce da ya daɗe yana jigilar fasinja da ita zuwa arewacin ƙasar. Da ƙarfi ya fara ja baya, sai ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa katako daidai tsawon makara, ya ajiye ta a gefen masallacin unguwa. Ya raɗa mata suna Rakiya, domin aikinta ke nan, raka mamaci zuwa maƙabarta, kuma bai taɓa karɓar ko sisi a kai ba.

Shi haifaffen Zango ne, kakanninsa fataken goro ne da suka zauna nan tun da daɗewa. Ni kuwa daga Gusau na zo da ƙullin atamfa ina saurayi, ga shi yau gemuna ya yi fari fat a kasuwar garin nan. Wanda bai yi zaman baƙunta ba, ba zai gane tsoron da ke kwana a zuciyar irinmu ba. Maƙabartar Musulmi tana da nisa, ba a kai gawa da ƙafa, kuma masu motar haya da yawa ba sa yarda gawa ta shiga motarsu. Baƙo yakan yi ta tunanin wanda zai ɗauke shi in ta Allah ta kasance. Garba ne ya cire mana wannan tunanin. Yakan ce da ni, "Lawal, kai dai ka mutu kawai, sauran aikin nawa ne." Sai ga shi ya riga ni, ni na zauna kusa da makararsa a bayan Rakiya.

Garba yana da sanyin hali a komai, ban da maganar baƙin mai. Ranar juyen mai, abin da mutanen nan suke kira bidanji, da kansa yake shiga ƙarƙashin mota, tsufa da ciwon gwiwa ba su taɓa hana shi ba. Wurin mutum ɗaya yake sayen mai, wani dattijo da ke zuba shi a kwalabe a bakin titi wajen Jonke. Zai ɗiga shi a yatsa, ya murza, ya shinshina. In bai ja kamar zuma ba, to ruwa ne a wurinsa. Tsohon man da ya juye kuma ba ya zubarwa. Maƙwabta suna zuwa da gwangwani su ɗiba, wannan ya shafa wa katakon rumfa saboda gara, wancan ya ɗiga wa ƙofa mai kuka.

A ciwon ajalinsa muna zaune a gabansa mu uku, ni da liman da babbar 'yarsa Hadiza, wadda ke da shagon kayan gyaran mota. Ya yi wasiyyar abin da zai yi, sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Kada ku canja wa Rakiya mai." Ya maimaita. Muka ce mun ji, mun ɗauka.

Muka kuwa riƙe maganar da hannu biyu. Dattijon Jonke ya rasu, wasu suka ci gaba da sayarwa a wurin, da irin kwalaben nan, da irin kaurin nan. Dattawan masallaci suka ci gaba da aikawa a sayo. Cikinmu babu wanda ya san inji, masu atamfa ne da masu goro da mahauta, amma kowa ya koyi murza mai a yatsa yana gyaɗa kai kamar ya san abin da yake yi. Rakiya ta fara tari da safe, muka ce tsufa ne. Ta fara hayaƙi, muka ce ai mu ma muna yi.

A daminar bara wani mai sayar da takalma ya rasu a unguwar Agla, mutumin wajen Sakkwato, ba shi da kowa a garin nan sai abokan kasuwa. Aka yi masa wanka da salla, aka sa shi a Rakiya. Ba mu yi nisa ba ta yi wata irin ƙara, ta tsaya cak a tsakiyar titi. Ruwa yana zuba, masu baburan haya da ake kira zemijan sun kewaye mu suna ta oda, ba su san abin da ke cikin motar ba. Haka muka sauko da makara muka ajiye a ƙarƙashin rumfar wani shago, muna tare masu motoci suna wucewa, har Allah ya kawo wani mai akori-kura ya tausaya mana. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Tsoro ma na ji, domin da na dubi likkafanin nan yana jiƙewa, kaina na gani a ciki.

Hadiza ce ta sa aka ja motar zuwa gareji. Da makanike ya buɗe injin, sai ya kira mu mu gani da idonmu. Cikinsa ya daskare da wani baƙin abu kamar kwalta. Ya ce abin da muke zubawa tsohon mai ne da aka tace aka ƙara masa kauri, ya toshe hanyoyin da mai ke bi. Zai iya gyarawa, amma shawararsa ita ce a koma sabon mai na galan mai hatimi, wanda suke kira santetik, irin wanda ake haɗawa a masana'anta. Ya ce ya fi jure zafi, ya fi saurin zagaya inji da safe, kuma akwai nau'in da ya dace da tsohuwar mota.

Maganar ta tsaya a zauren masallaci bayan la'asar. Hadiza ta kawo galan ɗin, liman ya ɗiga a yatsa, ya ga ya zube kamar man gyaɗa. Ya ce, "Hadiza, wasiyya fa ba abin wasa ba ce. A gabanki mahaifinki ya faɗa." Ni ma zuciyata tana wajen liman, domin muryar Garba tana kunnena.

Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Allah gafarta Malam, a gabana ya faɗa. Amma mai ai ya daɗe da canjawa, kwalbar ce kawai ba ta canja ba. Baba tsoron gurɓatacce yake yi, shi kuma muke ta ɗura mata da sunansa." Sai ta juyo gare ni. "Baba Lawal, kai ka fi kowa saninsa. Da yana tsaye a titin nan ranar, man zai zaɓa ko gawar?"

Hawaye suka zubo mini. Liman ya ɗago kai ya ce a zuba, in akwai laifi Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Ba a nan wahalar ta ƙare ba. Ba a jima ba sabon man ya yi baƙi ƙirin, motar kuma ta fara ɗiga a inda take kwana. Nan da nan magana ta zagaye Zango, wai Rakiya tana kukan an saɓa wa maigidanta. Har tsofaffin mata suna zuwa kallon ɗigon suna salati. Makanike bai ji haushi ba. Ya ce sabon man wanke dattin shekaru yake yi, shi ya sa ya yi baƙi da wuri, kuma dattin nan ne dā yake toshe robobin da suka mutu. Ya canja robobin da matatar mai, ya sake juye. Tun daga nan ƙasa ta bushe, Rakiya tana tashi da murɗa makulli ɗaya.

Nakan tambayi kaina abin da Garba zai ce da ya dawo ya gani. Na san zai fara da faɗa, ya ce mun shayar da motarsa ruwan shayi. Zai yi ƙorafin cewa yanzu gareji ke riƙe tsohon mai, masu gwangwani sun daina zuwa. Zai kuma goyi bayan matan unguwa, waɗanda ke cewa dā da rurin injin Rakiya suke sanin an yi rashi, yanzu kuwa sai ta wuce shiru ba su yi wa mamaci addu'a ba. Amma na san zai kasa kunne a jikin injin, sannan a ɓoye ya tambayi inda ake sayarwa don kada in ji in yi masa dariya.

Da na auna abin da ya rage na abokina, ba gida ba ne, magada sun raba. Ba kaurin mai ba ne, wannan mun bar shi. Abin da ya rage shi ne har yau baƙo yana mutuwa a garin nan a kai shi da mutunci, ko ba a san sunan ubansa ba.

Kwanakin baya likita ya duba zuciyata ya faɗa mini abin da ya faɗa. 'Ya'yana suna ta waya daga Gusau in koma gida, na ce musu jikina ba zai ɗauki hanyar ba. Na bi ta shagon Hadiza, muka gaisa, na tambaye ta yaushe ne bidanji na gaba.

Ta ce, "Ai da saura, Baba. Wannan man yana daɗewa, tunda ba tafiya mai nisa take yi ba. Sai baɗi war haka, in Allah ya kai mu."

Na ce, "To, ashe shi ne zai kai ni."

Ta dube ni, ta ajiye abin da ke hannunta. Ba ta ce mini in daina irin wannan magana ba. Ta ɗauki makulli da tsumma, ta ce in zo mu je masallaci ta duba man a gabana. Ta zaro sandar awo ta goge, ta mayar, ta sake zarowa, ta nuna mini. Yana nan a cike.

Allah ya jiƙan Garba, ya haskaka kabarinsa, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani.