Farar Taliyar Ya Bintu

Da an idar da sallar asuba Ya Bintu ta unguwar Limanti take kama hanyar Kasuwar Kwastam. A gabanta ake yanka kajin a fige. Kafin hantsi ta jera kulolin abinci bakwai, kowace da sunan mara lafiya da takardar likitansa. Shekara ashirin da shida ta yi tana girki a wani asibiti a nan Maiduguri. Bara ta yi ritaya, amma masu ciwon ƙoda suka ƙi sakinta.

Ni dai da farko ban yarda da ita ba, gara in faɗa. Maigidana Mahfuz ne ƙodarsa ta taɓu. Likita ya hana shi gishiri da dunƙulen miya da kanwa da tumatir, ya ce in gwaji ya ƙara ɓaci sai wankin ƙoda. Girkina ya koma salam, bawan Allah ya daina ci, wuya ya fito. Sai ga kular Ya Bintu: taliya da kaza cikin farin romo mai kauri, ƙamshi har ƙofar gida. Mahfuz ya suɗe kwano tas. Na ce a raina, abin da ya yi daɗi haka ba ya rasa abin da aka hana.

Na tambayi Gloria, nas ɗin da ta haɗa mu. Ta ce shekara goma suna tare, ta ga ranar da Ya Bintu ta zubar da tukunya guda don wani ya jefa dunƙule ɗaya a ciki. Na ce to, ai dole, bakinsu ɗaya. Bayan wata guda ƙafafun Mahfuz suka kumbura, gwaji ya fito ba daɗi. Na yafa mayafi sai Limanti, ko waya ban yi ba, don in kama ta dumu-dumu.

Kujera ta miƙo mini ta ci gaba da aikinta. Ta cire fatar kaza, ta auna tsokar a ɗan sikeli, ta soya sama-sama da albasa da tafarnuwa da jan tattasai. Farin romon da na rantse madarar gwangwani ce, ashe shinkafa ce ta jiƙa ta niƙa ta tace, ta haɗa da ɗan fulawa da ruwan kazar, ta matsa lemon tsami. Taliyar kuwa a tsuran ruwa ta dahu. Na bi kantarta na buɗe kowace roba, tana kallona. Ban samu komai ba, haushi ya ƙara kama ni.

Sai ta ce, "Ɗiyata, in kula ta iso gida, me kike ƙara masa?"

Na ce ba komai, sai ɗan yaji don baki.

"Wa ya daka yajin?"

Yajin Hajiyarmu ne daga Kano, kusan rabinsa gishiri ne da dunƙule da ƙuli-ƙuli. A gidanmu ba a lissafa yaji cikin abinci, barbaɗe ne kawai. Cokali biyu nake zuba masa kullum da hannuna. Kunya ta rufe ni, na yi kuka a kicin ɗin mutane.

Ya Bintu, ke ce wadda na zo tona wa asiri kika rufa nawa. Ba ki gaya wa Gloria ba, ba ki gaya wa Mahfuz ba, sai da ni na faɗa masa da bakina. Ke ce kika jawo turmi a ranar kika daka mini yajin citta da masoro da tafarnuwa, babu ƙwayar gishiri. Uwar masu jinya, Allah ya saka miki da alheri.

Masu girka wa marasa lafiya, ku je ku zauna kusa da murhunta ku koya tun tana da ƙarfin nuna muku. Mahfuz bai warke ba, amma wata takwas ke nan bai hau injin wanki ba. Jiya takalminsa ya shige shi, ya tafi shago da ƙafarsa. Na gode, Ya Bintu.